Alekin, gwanin darar Turawa da ya ci kambun duniya da shiri, ya kuma rasa shi da sakaci

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu leƙa wani fage da ba mu saba leƙawa ba, wato darar Turawa.

Ranar 29 ga watan Nuwamba na 1927, a birnin Buwenos Aires na ƙasar Ajantina, ana jiran a ci gaba da wasa na 34 na neman kambun duniya. Mai riƙe da kambun, Kapablanka ɗan ƙasar Kyuba, bai zo zauren ba. Takarda ya aiko, rubuce da Faransanci, cewa ya sallama wasan kuma yana taya abokin karawarsa murna. Wannan abokin karawa shi ne Aleksanda Alekin, wanda a littattafai ake rubuta sunansa Alekhine, haifaffen Rasha mazaunin Faransa. Abin da ya ba duniya mamaki shi ne, kafin wannan karawa Alekin bai taɓa cin Kapablanka ba ko sau ɗaya. Sun haɗu sau 12, Kapablanka ya ci 5, sauran 7 aka tashi canjaras. To yaya aka yi mutumin da bai taɓa ci ba ya zo ya ci sau shida a karawa guda? Amsar tana cikin irin shirin da ya yi tun kafin ya zauna gaban allo.

Wace ce darar Turawa?

Kafin mu yi nisa, bari mu warware wa waɗanda ba su san wasan ba. Da Faransanci ana ce masa eshek, malamai kuma sun san shi a littattafan Larabci da sunan shaɗaranji. Yana kama da dararmu ta gindin bishiya wajen cewa mutum biyu ke zama, kowa na ƙoƙarin hango abin da ɗan uwansa ke ƙullawa. Bambancin shi ne a dararmu ƴaƴan duk ƙarfinsu ɗaya, a nan kuwa kowane da irin tafiyarsa.

Allon yana da gida 64. Kowane ɗan wasa na da ƴaƴa 16, ɗaya farare, ɗaya baƙaƙe: sarki, sarauniya, hasumiya biyu, doki biyu, wawan sarki biyu, da dakaru takwas a sahun gaba. Sarauniya ta fi kowa ƙarfi, dakare ya fi kowa rauni, amma in dakare ya ratsa allo ya kai ƙarshen gidan abokin gaba, sai ya zama sarauniya. Wanda ya ritsa sarkin ɗan uwansa har ya rasa mafita, shi ya ci. Ana kiran layukan allo da harufa daga a zuwa h, sahu kuma da lamba daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida na da suna, kamar e4 ko d5. Da wannan ne ake rubuta wasa taku bayan taku, shi ya sa wasan da aka buga kusan shekara ɗari da suka wuce kowa na iya ɗauko allo yau ya sake bin sa.

Takun farko, goma zuwa goma sha biyar, su ake kira mabuɗin wasa. Manyan ƴan wasa ba sa barin mabuɗi ga sa'a. A gida suke zama su nazarce shi, su shirya wa kowane abokin karawa nasa. Ku riƙe wannan, don shi ne ƙashin bayan labarinmu.

Ɗan masu hali da juyin juya hali ya tsiyata

An haifi Alekin a Mosko ranar 31 ga watan Oktoba na 1892, a gidan masu hali. Ubansa mai filaye ne, ya kuma zauna majalisar dokokin Rasha, uwarsa ɗiyar wani babban mai masaƙa ce. A gida ya koyi wasan tare da yayansa Aleksei. Tun yana yaro ya shiga wasa ta hanyar wasiƙa, inda kake aika takunka ta gidan waya ka jira kwanaki kafin amsa ta zo. Irin wannan wasa yana koya wa mutum zama shi kaɗai gaban allo, yana juya matsayi guda har ya ga ƙarshensa, kuma wannan ɗabi'a ta bi shi har tsufa.

A 1909, yana ɗan shekara 16, ya ci wata babbar gasa a birnin San Pitasbag, aka ba shi matsayin gwani. A birnin ne kuma ya yi karatun shari'a. A 1914 aka yi gasar manyan duniya a can, ya zo na uku, bayan Laska na Jamus, mai kambun lokacin, da Kapablanka.

A wannan shekara yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke yana tsakiyar gasa a Manhayim ta Jamus, shi ke kan gaba. Jamusawa suka tsare shi da sauran ƴan Rasha, bayan ƴan makonni suka sake shi. Ya koma gida ya yi aikin agaji da ƙungiyar Red Cross a bakin daga, har ya kwanta asibiti. Sai ga juyin juya hali na 1917, dukiyar gidansu ta tafi. A 1919 ƴan sandan sabuwar gwamnati suka jefa shi gidan kaso a birnin Odesa, da ƙyar ya fita. A 1920 ya ci gasar da ake lissafawa a matsayin ta farko ta ƙasar Sobiyet, amma zaman bai yi masa ba. A 1921 ya auri wata ƴar jarida ƴar Suwizalan, ya samu izinin fita, kuma bai sake taka ƙasar haihuwarsa ba har ya mutu. Ya yada zango a Paris, daga baya ya zama ɗan ƙasar Faransa.

Ƴan uwanmu da ke ci-rani sun san halin baƙo wanda ba shi da komai sai sana'arsa. Wasa shi ne abincin Alekin. Yana yawo gari gari yana nuna bajinta, har yakan yi wasa da mutane da yawa lokaci guda ba tare da ya kalli allo ba, ana faɗa masa taku da baki yana riƙe komai a ka. A Paris a 1925 ya yi haka da allo 28.

Dutsen da ke gabansa

Kapablanka kuwa wani irin mutum ne daban. An haife shi a Habana a 1888, ya koyi wasan yana ɗan shekara huɗu ta hanyar kallon ubansa. Baiwa ce tsantsa. Yana kallon allo ya ga takun da ya dace ba tare da dogon lissafi ba. A 1921 ya karɓe kambu daga hannun Laska ba a ci shi ko wasa ɗaya ba, kuma daga 1916 zuwa 1924 ba wanda ya ci shi a gasa. Ma'aikacin jakadancin ƙasarsa ne, mai son kwalliya da hira, ba a san shi da kwana kan littafi ba.

A wancan zamani kambu ba kamar takobin kokowarmu ba ne da ake sake fitowa fili a nema duk shekara. Yana hannun mai shi, shi ke gindaya sharaɗi. A 1922 a Landan, Kapablanka ya sa manyan ƴan wasa suka sa hannu kan ƙa'ida: duk mai son karawa da shi sai ya kawo dalar Amurka 10,000, kuma wanda ya fara cin wasa shida shi ke da kambu, canjaras ba ya cikin lissafi. Ku lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba, kuma a lokacin kuɗi ne masu nauyin gaske. Gwanaye da dama sun nema sun kasa tarawa. Alekin ya yi ta fafutuka har kulob ɗin eshek na Ajantina, da goyon bayan gwamnatin ƙasar, suka ɗauki nauyi.

Farkon 1927 aka yi gasa a Niyok. Kapablanka ya zo na ɗaya da tazarar maki biyu da rabi, Alekin na biyu, kuma ya sake cin Alekin a can. Kusan duk masana sun ɗauka karawar Ajantina gama-gari ce, wasu ma na ganin Alekin ba zai ci ko wasa ɗaya ba.

Shirin da ya yi

Alekin ya tattara wasannin Kapablanka na shekaru, ya zauna yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Mutane na kallon waɗannan wasanni suna yabo, shi kuwa kuskure yake nema. Daga baya ya bayyana abin da ya gano a gabatarwar littafin da ya rubuta kan gasar Niyok ta 1927.

Na farko, ya gano cewa ɗana wa Kapablanka tarko a mabuɗi ɓata lokaci ne. Mutumin na da hancin jin haɗari, da ya ga baƙon taku sai ya zaɓi hanya mafi aminci ya fice. Na biyu, ya gano cewa saurin ganin nan nasa shi ne kuma rauninsa. Da yake takun da ya fara zuwa masa a rai yawanci daidai ne, ya saba da yarda da shi ba tare da ya sake bincikawa ba. Abokan karawarsa su ma, saboda kwarjininsa, sukan ɗauka duk abin da ya taka daidai ne, ba sa tonawa. Na uku, ya lura cewa in wasa ya yi tsawo kuma ana matsa masa ba sassauci, hankalinsa kan ɗan kauce, ko da a ƙarshen wasa inda ake ganin ba shi da na biyu.

Daga nan sai Alekin ya yanke shawarar da ta saɓa wa halinsa. Shi mutum ne mai son hari da rikita allo, har akwai mabuɗin da ake kira da sunansa tun 1921, inda baƙi ke fito da doki tun takun farko yana tsokanar dakarun fari su biyo shi. Duk ya ajiye wannan. Ya ƙudura zai shiga mabuɗan da Kapablanka ya fi so, masu natsuwa, ya bi shi cikin gidansa, amma ba zai yarda da ko taku ɗaya nasa ba sai ya auna shi da kansa. Ya kuma gyara jikinsa don zaman awa biyar a jere, wata da watanni.

Karawar Buwenos Aires

An fara ranar 16 ga watan Satumba na 1927. Kowa na da awa biyu da rabi ya yi taku 40, in ba a gama ba a ɗage zuwa wata rana.

Wasan farko Kapablanka ke da farare. Ya tura dakaren gaban sarki, Alekin ya amsa da mabuɗin da ake kira kariyar Faransa. Kapablanka ya yi musayar dakaru da wuri don allo ya lafa, kamar yadda ya saba. A taku na 16 ya matsar da hasumiya ba tare da ya duba da kyau ba, nan take Alekin ya sa doki ya cinye dakaren c2, domin in aka ci dokin shi ma yana da abin da zai ci a madadinsa. Dakare ɗaya kacal ya samu, amma ya riƙe shi har taku na 43, Kapablanka ya sallama. Abin da nazari ya nuna masa a Paris, ga shi ya bayyana tun ranar farko. Daga ranar Kapablanka bai sake buɗe wasa da dakaren sarki ba har aka gama.

Daga nan kusan duk wasannin suka koma mabuɗi guda, wanda ake kira tayin sarauniya. Fari ya tura dakaren gaban sarauniya gida biyu, baƙi ya tare shi da nasa, sai fari ya miƙa dakaren c kamar kyauta don ya janye na baƙi daga tsakiya, baƙi kuma ya ƙi karɓa ya ƙarfafa tsakiyarsa. Cikin wasa 34, an buga wannan sau 32. Ga mai kallo abin gundura ne, amma ga su biyun kowace rana gyara ake yi: abin da ya ba ka wuya jiya, ka kwana kana neman maganinsa, gobe ka zo da shi.

Kapablanka ya farfaɗo ya ci wasa na 3 da na 7, ya wuce gaba. Alekin kuma ga ciwon haƙori ya sa shi gaba, har sai da aka cire masa haƙora tsakiyar karawar. Wasa na 11 ne ya juya al'amari. Alekin da baƙaƙe ya ja wasan fiye da taku 60, duka biyun suka yi kurakurai saboda wuyarsa, har aka kai ga sarauniya huɗu a kan allo, kowa da biyu, kuma Alekin ne ya riga kai wa sarki. Ya ƙara da na 12. Sai canjaras takwas a jere, ya ci na 21. Wasu bakwai a jere, Kapablanka ya ci na 29. Alekin ya ci na 32, ya zama saura ɗaya.

Wasa na 34 ya cancanci a tsaya a kansa, don a cikinsa ake ganin shirin gaba ɗaya. Alekin ke da farare, aka shiga tayin sarauniya. Kapablanka na da dabarar da ya saba da ita a wannan mabuɗi: ya ci dakaren c4, ya kawo doki d5, a yi ta musaya har allo ya yi sauƙi a tashi canjaras. Alekin ya yarda aka yi musayar wawa ɗaya, amma a taku na 11 ya janye dokinsa zuwa e4 ya hana musayar dawakai. Ma'anarsa, ƴaƴa su yi yawa a allo, wasa ya yi tsawo. A taku na 21 ya matsar da sarauniya gida ɗaya tak, zuwa d2, taku marar hayaniya, amma daga nan tana kallon ɓangaren sarkin baƙi, tana kuma da hanyar zuwa ɗaya gefen. Taku biyu bayan haka ta faɗa a5 tana barazana ga dakaru biyu lokaci guda. Da ƙura ta lafa, Alekin na da rarar dakare ɗaya a layin a, can bakin allo.

Kusa da taku na 50 aka yi musayar sarauniyoyi, kowa ya rage da sarki da hasumiya ɗaya da dakaru. Alekin ya ajiye hasumiyarsa a bayan dakaren nan tana tura shi, dole hasumiyar Kapablanka ta tsaya gabansa tana gadi. Da sarkin Kapablanka ya taso ya karɓi gadin don ya ƴanta hasumiyarsa, sai ɗaya gefen ya zama ba mai tsaro, sarkin Alekin ya ratsa allo ya shiga cikin dakarun baƙi ta h6. An kai taku 82. Har yau ana koyar da ƙarshen wannan wasa a littattafan koyon eshek. An tashi Alekin na da 6, Kapablanka 3, canjaras 25, bayan kwana fiye da 70. Ba a sake karawar kambu mai yawan wasanni kamar wannan ba sai ta Karpof da Kasparof a 1984.

Ƙofar da ya rufe

Kowa ya zaci za a sake karawa. Alekin ya ce ya yarda, amma bisa sharaɗin nan na Landan da Kapablanka ya gindaya da kansa, dala 10,000 ba ragi. Kapablanka ya so a sauya wasu ƙa'idoji, aka yi ta musayar wasiƙu, ga kuma karyewar tattalin arzikin duniya ta 1929 ta sa kuɗi suka yi wuya. Abota ta koma gaba, har ba sa son zama zaure ɗaya. Maimakon haka Alekin ya kara da Bogolubof sau biyu, a 1929 da 1934, ya ci duka ba da wata wahala ba. Masu tarihi da yawa na ganin gudun Kapablanka yake yi, kuma wannan tabo ne a sunansa. Kapablanka ya mutu a Niyok a 1942 bai samu damar ramawa ba.

A waɗannan shekaru ƙarfin Alekin ya kai maƙura. A San Remo ta Italiya a 1930 ya samu maki 14 cikin 15. A Bled a 1931 ya bar na biyu da tazarar maki biyar da rabi.

Ramin da ya gina wa wani

A 1935 ya kara da Maks Uwe, wanda ake rubutawa Euwe, malamin lissafi a wata makarantar ƴan mata a Amsterdam ta ƙasar Holan. Uwe bai ɗauki wasa a matsayin sana'a ba, amma masanin mabuɗai ne na gaske, mai tsari, kuma ya shirya jiki da ƙwaƙwalwa kamar yadda Alekin ya yi a 1927. Alekin kuwa ya raina shi, ga shan giya ya yi masa yawa. Ya fara da kyau har ya ba da tazarar wasa uku, sai ya shiga buga mabuɗai na ganganci, Uwe na hukunta shi. Bayan wasa 30, Uwe ya ci 9, Alekin 8, canjaras 13. Kambu ya tafi. Shi kansa Uwe daga baya ya nuna cewa rainin abokin karawa ya fi giya cutar da Alekin. Kuskuren da ya gano a jikin Kapablanka, wato yarda da kai fiye da kima, shi ya kayar da shi.

Uwe ya yi abin da Alekin bai yi wa Kapablanka ba, ya ba shi damar ramawa ba tare da ja-in-ja ba. Alekin ya bar giya, ya koma kan allo. A 1937 suka sake haɗuwa a Holan, kuma wasa na 6 na wannan karawa ya shiga tarihin shirin mabuɗi.

Uwe na da baƙaƙe, ya buga kariyar Silab, mabuɗin da ya fi kowa sani a lokacin. A taku na 5 dakarensa ya ci na d4 yana barazanar cin dokin Alekin da ke c3. Kowa zai janye dokin ko ya rama cin dakaren. Alekin ya bar shi a nan, ya fito da ɗaya dokin zuwa f3, kamar bai ga haɗarin ba. A gida ya shirya wannan. Uwe na zaune agogo na tafiya, dole ya yanke hukunci: in ya ci dokin, sarkinsa zai fita fili gaban mutumin da ya kwana yana nazarin wurin. Ya ji tsoro ya ƙi ci, ya tura dakare zuwa b5. Nan take dokin da ya ƙi ci ya cinye wannan dakare, kuma ba halin ramawa, don in ya ci dokin, wawan Alekin zai zauna d5 ya ritsa hasumiyar da ke lungu. Wasa ya ƙare a taku 23.

Abin dariyar shi ne, da masana suka zauna daga baya cikin natsuwa, sun gano cewa da Uwe ya ci dokin ya kuma bi hanyar da ta dace, shi ke da rinjaye. Ashe dabarar ba ta da ƙarfin da aka zata, ta sau ɗaya ce. Amma Alekin ya san wanda yake karawa da shi. Irin tarkon da ya ga ba zai kama Kapablanka ba, ya ga zai girgiza mutum mai son tsari in aka fitar da shi daga abin da ya karanta. Ya ci karawar da 10, Uwe 4, canjaras 11, ya zama na farko da ya rasa kambun duniya ya kuma dawo da shi.

Ƙarshe mai ɗaci

Yaƙin duniya na biyu ya same shi a Buwenos Aires a 1939 yana jagorantar ƴan wasan Faransa. Ya dawo ya shiga rundunar Faransa. Bayan Jamus ta mamaye ƙasar, sai ya shiga buga gasannin da gwamnatin Nazi ta shirya a Munik, Salzbag da Prag. Mafi muni, a watan Maris na 1941 wata jaridar Jamusawa da ke fitowa a Paris ta buga jerin rubuce-rubuce da sunansa, masu cin mutuncin ƴan wasa Yahudawa, cikinsu har da Laska, a daidai lokacin da ake farautar Yahudawa a Turai. Bayan yaƙi ya musanta cewa kalaman nasa ne, amma ƴan wasa da yawa ba su yarda ba. An gayyace shi gasar Landan ta 1946, aka janye gayyatar saboda ƙorafinsu.

Tun 1943 ya koma Sifen, daga nan Fotugal, ba kuɗi, ba lafiya, ba abokai. Yana wannan hali sai saƙo ya zo daga Mosko cewa Botbinik, gwanin Sobiyet, na neman karawa da shi kan kambu. Ya karɓa, ya fara shiri. Ranar 24 ga watan Maris na 1946 aka same shi ya mutu a ɗakinsa na otel a garin Estoril, zaune a kujera, allo na gefensa. Yana da shekara 53. Shi kaɗai ne a tarihi ya mutu da kambun duniya a hannunsa. A 1948 hukumar eshek ta duniya ta shirya gasa don cike gurbin, Botbinik ya ci, kuma daga nan kambu ya fita daga hannun mutum ɗaya ya koma ƙarƙashin hukuma. A 1956 aka kwashe ƙasusuwan Alekin zuwa maƙabartar Monparnas a Paris.

Yau manyan ƴan wasa da kwamfuta suke shirya mabuɗi, kowa da tawagar mataimaka. Alekin da allo na katako da tarin takardu ya yi nasa, amma tambayar da ya yi ita ce har yanzu ake yi kafin kowace karawar kambu: wane ne zai zauna gabana, me ya saba yi, kuma a ina yake yarda da kansa har ya daina dubawa? Ƴan uwa da ke Paris, in hanya ta bi da ku Monparnas, kabarinsa na nan, da allon eshek a shimfiɗe a gabansa. Masu wayar hannu kuma, wasa na 34 na 1927 da na 6 na 1937 duk suna intanet, kuna iya bin su taku bayan taku. Sai mun haɗu a fili na gaba.